Yadda Ake Binciken Ɓarkewar Cutar Salmonella Daga Ƙwai

Salmonella ƙwayar cuta ce ta bakteriya da ke shiga jikin mutum ta hanyar abinci. Tana haddasa gudawa, zazzaɓi da murɗawar ciki, wani lokaci har da amai. Alamomin kan bayyana cikin awa 6 zuwa kwana 6 bayan cin abincin, yawanci kuma sukan lafa cikin kwana 4 zuwa 7. Ta fi yi wa jarirai, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki illa, domin tana iya shiga jini.

Yadda take shiga ƙwai

Kashin kaji kan gurɓata ɓawon ƙwai. Amma nau'in Salmonella Enteritidis yakan zauna a cikin kaza, daidai inda ƙwai ke samuwa, sai ya shiga ƙwan tun kafin ɓawo ya rufe shi. Kazar tana nan lafiya ƙalau a ido, ƙwan ma fes. Shi ya sa duba ƙwai kawai ba ya gano cutar.

Matakan bincike

1. Gwada bayan gidan marasa lafiya a ɗakin gwaje-gwaje.
2. Kwatanta ƙwayoyin halittar bakteriyar, a ga ko iri ɗaya ce ta kama mutanen garuruwa daban-daban.
3. Tambayar marasa lafiya abin da suka ci da inda suka ci shi.
4. Bin sawun ƙwan daga gidan abinci zuwa dillali, har zuwa gidan gona.
5. Gwada abincin kaji, ruwa da kashinsu, sannan a janye ƙwan daga kasuwa.

Misali daga Amurka

A shekarar 2010, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta lura samfuri ɗaya na Salmonella Enteritidis ya yawaita a gwaje-gwaje. An gano wurare 29 a jihohi 11 inda mutane suka kamu bayan cin abinci. Kamfanin Wright County Egg na jihar Iowa ne ya sayar wa 15 daga cikinsu ƙwai. A watan Agusta, shi da kamfanin Hillandale Farms suka janye ƙwai sama da miliyan 500. Jami'an hukumar abinci da magunguna, FDA, sun tarar da ɓeraye, ƙudaje da tulin kashin kaji a gidajen kajin. An danganta rashin lafiyar mutum kusan 1,939 da wannan ɓarkewa.

Abin da ya kamata a yi

A dafa ƙwai har gwaiduwa da farin su daskare, a guji ɗanyen ƙwai da wanda ya tsage, a kuma wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi. Idan mutane da dama suka kamu da gudawa bayan cin abinci ɗaya, su sha ruwan gishiri da sukari, su je asibiti, su faɗa wa likita abin da suka ci. Daga wannan bayanin ne bincike ke farawa.