Sunayen da Ke Rufin Mashaya

Malamanmu sun sha gaya mana cewa ba a littafi kaɗai tarihi yake ba, akwai shi a bakin tsofaffi da waƙar maroƙa da jikin ganuwa. To, ni kuwa cikin karance-karancena sai na tarar da shi a rufin wata mashaya ta ƙasar Ingila. Kada mai karatu ya ce yabon giya na zo yi. A ƙauyukan Turawa mashaya ita ce dandali, nan ake taruwa hira in an tashi aiki.

Sunanta Blue Bell, a ƙauyen Tattershall Thorpe, cikin lardin Lincolnshire. A da, dab da ita akwai filin jiragen yaƙi na Woodhall Spa, inda runduna ta 617 ta mayaƙan saman Ingila ta tare a watan Janairu na 1944. Wannan runduna ce ta fasa madatsun ruwan Jamus a watan Mayu na 1943. Jirage 19 suka tashi a daren nan, 8 ba su komo ba, mutum 53 suka halaka.

Samarin nan sa'o'ina ne, 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Mutum bakwai ke shiga jirgin Lancaster guda, kuma ana so kowa ya kai hari 30 kafin a hutar da shi. Cikin kimanin mutum 125,000 da suka yi wannan aiki, 55,573 sun mutu. Wanda ya san haka, me zai yi in ya sami daren da babu tashi? Sai su zo mashayar nan, wasu su miƙa hannu su rubuta sunayensu a rufin ɗakin. An ce wani kan cusa kwabo cikin tsagar azara, wai kuɗin abin da zai sha ke nan in Allah ya komo da shi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙauyawa sun adana sunayen nan ba su shafe su da fenti ba, alhali hukuma ta daɗe tana jin nauyin ambaton mayaƙan, saboda biranen Jamus da suka ƙone, irin su Hamburg da Dresden. Sai a 2012 aka buɗe ginin tunawa da su a Landan.

Ni ma ina jin nauyin nan. Ambaliyar da fasa madatsun ta jawo ta ci rai wajen 1,600, da yawansu ba ma Jamusawa ba ne, bayin Allah ne da aka kamo daga wasu ƙasashe ana sa su aikin tilas. Su babu rufin da suka rubuta sunansu.