Tarihin Ajiyar Hoton Asibiti da Halinsa a Malanville

Tun daga ranar 8 ga Nuwamba 1895, sa'ad da Allah ya buɗe wa wani malamin Jamus, Wilhelm Röntgen, asirin hasken da ke ratsa tsoka ya bayyana ƙashi, likitoci suka sami ikon duba cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Sai dai ni'imar ta zo da nata nauyi, domin hoton ƙirjin mai tarin fuka ba ya cika fa'idarsa sai an adana shi, an gwama shi da wanda za a ɗauka bayan an sha magani, a ga ko cutar ta ja da baya.

Da fari a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoton, ga nauyi ga saurin fashewa, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yanke gilashin da ake samu daga Beljiyam, aka koma ga fim. Fim ɗin farko kuwa wuta yake kamawa kamar audugar rimi, kuma ranar 15 ga Mayu 1929 taskar hotuna ta wani asibiti a Cleveland ta Amurka ta ƙone, hayaƙinta mai dafi ya hallaka mutum 123. Daga nan hukumomi suka matsa a yi amfani da fim maras haɗari.

Bayan Godfrey Hounsfield ya ƙera na'urar da ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, hoto ya zama lissafi a cikin kwamfuta, sai wata sabuwar fitina ta kunno kai, domin kowane kamfani da irin rubutunsa, na'urar wannan ba ta karanta na wancan. Likitocin hoto na Amurka da masu ƙera na'urori suka fitar da ƙa'ida ta farko a 1985, wadda ta zama DICOM a 1993; hikimarta ita ce sunan majiyyaci da ranar ɗauka da irin na'urar suna tafiya a jikin hoton, kamar yadda isnadi ke tafiya da hadisi, ta yadda duk wanda ya karɓa zai san asalinsa.

To, wanda ya san Malanville, garin nan na arewacin Jamhuriyar Benin da ke fuskantar Gaya ta Nijar a ƙetaren Kwara, inda kasuwa ke tara Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani, ya san cewa ƙa'idar ta daidaita na'urori amma ba ta daidaita gwamnatoci ba. Garin yana da asibitin yanki wanda yake haɗa shi da Karimama, amma idan ciwo ya yi tsanani akan tura mutum Paraku, tafiyar fiye da kilomita 300, ko Kwatano mai nisan fiye da 700, alhali wani ya fi ganin sauƙin Yamai ko Sakkwato, inda yake da dangi. Ƙasa uku ke nan, kowace da ma'aikatar lafiyarta, biyu suna rubuta sakamako da Faransanci, ɗaya da Ingilishi. Saboda haka majiyyaci shi ne ma'ajin hotonsa: babban ambulan a ƙarƙashin katifa, ko faifai a aljihu, ko kuwa hoton da aka ɗaga wa hasken taga aka ɗauka da waya aka aika ta WhatsApp, wanda yakan isa hannun likita ya dushe, babu suna babu kwanan wata. A ganina likitan da ya ce a sake ɗauka bai yi zalunci ba, ko da yake talaka ne ke biya sau biyu.

Benin ta kafa dokar al'amuran intanet a 2018, wadda ta ƙunshi kare sirrin mutane, Nijar ma ta kafa dokar kare sirrin mutane a 2017, kuma kowace ta gindaya sharuɗɗa kafin bayanin mutum ya fita ƙasar. Da aka rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, masu jinya suka bi sahun fatake zuwa bakin ruwa, suna ƙetarawa a kwalekwale da hotunansu a cikin leda.