Dokin Kotoko da kwalin Takara

A 1987 kamfanin Takara na Japan ya fito da wasu ƴan mayaƙan roba masu kawunan dabbobi, zaki da giwa da sauransu, cikin sulke. A Japan sunansu Beastformers, a Amurka kuma Hasbro ya sayar da su da sunan Battle Beasts, bibbiyu a kan kati ɗaya. A ƙirjin kowane akwai tambari, in ka murza shi ya ji ɗumi sai alamar wuta ko ruwa ko itace ta bayyana. Yau masu tara su sun fi biyan kuɗi a kan wanda ba a taɓa ɓare kwalinsa ba.

To, mu dawo gida. Yaran bakin Komadugu sun daɗe suna gina dawakin laka, amma damina ɗaya take cinye su. Wanda ya jure shi ne na Kotoko, can kudancin tafkin Cadi: ɗan doki da mahayinsa na tagulla, wani bai kai tsawon yatsa ba. Suna ce masa putchu guinadj. Wannan fa magani ne. Ana ɗinke shi cikin fata kamar laya, mai taɓin hankali ya rataya a jikinsa har tsawon shekaru.

Abin haushin, da dokin ya shiga kasuwar Turai, sau da yawa tsirara yake isa, an farke fatar don mai saye ya ga tagulla. Fatar nan kuwa ita ce shaidar cewa wani mutum ya sha wahala da ciwo ya rataya shi. Kwalin Takara ana lallaɓa shi kamar ƙwai, ɗinkin dukawan Kotoko kuma ana sa masa reza.