Ma'aunin kuskure

ma'aunin kuskure (suna, namiji, jam'i: ma'aunan kuskure). A fannin horar da kwamfuta, lissafin da ke auna tazarar da ke tsakanin hasashen na'ura da abin da ya auku, wanda ake ta rage shi har ta ƙware. A hasashen ruwan sama, akan gwada milimitar da na'ura ta faɗa da wadda aka auna a ƙasa.

Wanda aka fi amfani da shi, ana ninka kowane kuskure da kansa a ɗauki matsakaici. A Dutse wannan yana da illa, domin daga Nuwamba zuwa Maris ko ɗigo babu, sai Agusta ta zo da marka. Na'ura sai ta laɓe a tsakiya, kullum ta ce yayyafi, ta kasa hango mamakon ruwa irin na shekarar ambaliya ta 2022 a Jigawa. Shi ya sa masana kan ƙara wa kuskuren babban ruwa nauyi, ko su raba tambayar gida biyu: za a yi ruwa? In za a yi, nawa? Manomin gero a Kiyawa kuwa, kuskuren da ya fi ƙona masa rai shi ne a ce damina ta sauka, ya yi shuka, ruwa ya ɗauke.