Harin Orsini da Dokar Haɗa Baki don Kisan Kai a Ingila

A dokokin ƙasashe da dama, idan mutum biyu ko fiye suka haɗa baki za su kashe wani, sun yi laifi tun ranar da suka ƙulla maganar, ko da ba a zubar da jini ba. To, idan wanda ake son kashewa yana wata ƙasa fa? Wannan tambaya ta taɓa kayar da gwamnati a Ingila.

Ranar 14 ga Janairu, 1858, wani ɗan Italiya mai suna Felice Orsini da abokansa suka jefa bama-bamai uku kan keken dokin Sarkin Faransa, Napoleon na Uku, a birnin Paris. Sarkin ya tsira, amma mutum takwas suka mutu, fiye da 100 suka ji rauni. Bincike ya nuna cewa a Ingila aka ƙulla makircin, kuma a Birmingham aka ƙera bama-baman. Faransa ta fusata, ta zargi Ingila da ba masu kisa mafaka.

A wancan lokaci, haɗa baki don kisa ƙaramin laifi ne a dokar Ingila. Firayim Minista Lord Palmerston ya kai wa majalisa ƙudurin da zai mai da shi babban laifi. Amma ƴan majalisa da yawa suka ga kamar ya durƙusa wa Faransa ne. Ranar 19 ga Fabrairu suka kayar da gwamnati da ratar ƙuri'a 19, Palmerston ya sauka daga mulki.

A watan Maris aka fille kan Orsini a Paris. A Afrilu kuwa aka gurfanar da Simon Bernard, wani Bafaranshe ɗan gudun hijira, gaban kotu a Landan bisa zargin hannu a harin. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke shi.

Sai da ƙura ta lafa sannan aka gyara dokar. A 1861 majalisa ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 10 ba ga wanda ya haɗa baki don kashe wani, ko talakan Sarauniya ne ko baƙo, ko yana cikin ƙasa ko waje. A 1977 aka ƙara hukuncin, ya zama yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Ke nan, kariyar da majalisa ta ƙi bayarwa lokacin da Faransa ke matsa mata lamba, ita ce ta bayar da kanta bayan shekara uku.