ERC-20: Ƙa'idar tsara kadarorin intanet masu maye gurbin juna

A kasuwar hatsi ta Dandume, buhun masara kan maye gurbin ɗan'uwansa muddin iri da awo ɗaya ne, amma gona ba ta zama madadin wata gona. Malaman fiƙihu na kiran na farko misli, na biyu kuma ƙimi.

Wannan bambanci ne masu rubuta manhajar kwamfuta ke bi wajen tsara yarjejeniyoyi masu zartar da kansu a kan dandalin Ethereum.

A watan Nuwamban 2015 ne Fabian Vogelsteller ya gabatar da ƙa'idar ERC-20 domin kadarori irin na misli. Manhajar ba ta bai wa kowane kwabo lambarsa, illa dai tana riƙe da kundi mai nuna adadin da kowane asusu ya mallaka.

Ƙa'idar ta tanadi ayyuka 6, ciki har da bayyana jimillar kuɗin, da tura su, da bai wa wakili izinin kashe wani adadi. Kadarori irin na ƙimi kuwa, ƙa'idar ERC-721 ta 2018 suke bi.

To sai dai kundin ba ya tabbatar da cewa akwai dukiya a bayan kuɗin. A watan Mayun 2022 kuɗin TerraUSD, wanda aka ce daidai yake da dalar Amurka, ya rushe, mutane da dama suka tafka asara.

A Najeriya, dokar zuba jari ta 2025 ta sanya irin waɗannan kadarori ƙarƙashin kulawar hukumar SEC.