Labarin Majiyyaci da Hausawan Jazira

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas. Suka yada zango a bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sannar, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno. Maniyyata masu zuwa Makka da ƙafa suka riƙa tsayawa nan don neman guzuri, da yawa kuwa suka zauna ke nan.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa suka zama 'yan ƙwadago a cikinsu. Amma ruwan da ya kawo abinci shi ya kawo cuta, gama zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka bi magudanan ruwa. Ɗan ƙwadago kuwa yau yana wannan gona, gobe yana waccan. Sunansa da maganin da aka ba shi suna cikin littafin ɗakin maganin da ya baro. Duk inda ya je sai a soma tambayarsa daga farko.

A 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka soma aikin shekara 10 na yaƙi da waɗannan cututtuka, cibiyarsa tana Wad Madani. A 2010 kuma Jami'ar Jazira da ma'aikatar lafiya ta jihar suka tura likitoci fiye da 200 zuwa ƙananan asibitoci da kwamfuta a hannu. Likita ya rubuta labarin majiyyaci a ciki, ya nemi shawarar ƙwararre ta intanet ba tare da an ɗora marar lafiya a mota ba.

Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023. A Disamba na shekarar Wad Madani ta faɗa hannun mayaƙan RSF, sai a Janairu 2025 sojojin gwamnati suka karɓe ta. A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka yanke a yawancin ƙasar. Masu ciwon sukari da mata masu ciki suka gudu, suka bar labarinsu a baya.

Tun da daɗewa wani asibitin mishan ya ga amsar wannan matsala. Dokta David Morley, wanda ya yi aiki da asibitin Wesley Guild na Ilesha daga 1956, ya tsara katin auna girman yara a ƙauyen Imesi-Ile. Bai kulle katin a asibiti ba, uwa ce take riƙe da shi a gida. Inda duk ta kai ɗanta, labarinsa yana tare da shi.

Hausawan Jazira yawancinsu Musulmi ne, amma darasinsu ya shafi kowane ɗakin magani na ikilisiya. Na'ura tana da amfani ƙwarai muddin akwai wuta da layi. Duk da haka ya kamata majiyyaci ya tafi da kwafin labarinsa a hannu, a kuma kiyaye asirinsa a matsayin amana a gaban Allah. Baƙon da ya iso da dare ba ya iya komawa ya ɗauko littafin da ya baro.